Ɗakin da Bai Taɓa Yoyo Ba

"Ni fa ban ce ki bar gidan ba, Goggo. Ɗakin kawai na ce."

"Ɗakin kawai. To ban da ɗakin, me gare ni a gidan nan?"

Mutari ya gyara takardun da ke hammatarsa. Hajara tana tsaye, ƙafa ɗaya bisa dokin ƙofa, tsintsiya a hannu. Ƙanwar ubansa ce, ta haura saba'in. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, a ɗakin nan take.

"Wata biyu ne. Su gyara, ki koma abinki."

"Su gyara me? Nuna mini tsaga ɗaya. Ɗaga kanka ka dubi azara, ka nuna mini inda ruwa ya taɓa ɗiga."

Bai ɗaga ba. Ya san babu.

Furoje, wato shirin gyaran tsofaffin gidajen Birni, shi ne ya shigo unguwa. Haɗin gwiwa aka ce, ƙafa uku kamar murhu: magajin gari ya ba da izini, wata ƙungiyar Nasara ta kawo magina da kayan aiki, mai gida ya sa hannu. Gida goma aka zaɓa a zagayen farko, har da nasu. Ba don zauren da ya rufta bara ba, ba kuma don sashen Mutari da ke lulluɓe da leda duk damina ba. Irin waɗannan sun cika Birni. Don ɗakin Hajara aka zaɓe su. Kowace shekara in kaka ta wuce, ita ke kwaɓa ƙasa, ta jiƙa makuba, ta yaɓe bango da hannunta. Kafin ruwan farko ta sa a share indararo. Zanen da ubanta ya yi a goshin ɗakin yana nan kamar jiya aka ɗauke hannu. Ranar da injiniyar furoje ta gan shi, sai da ta cika wayarta da hotuna.

A takardar, layi ɗaya aka bari don sunan mai gida. Gidan gado ne, ba a raba ba. Lokacin da uban Mutari ya rasu an ce a bar shi a dunƙule, rabo yana kawo gaba. Hajara ce ta fara faɗin haka a zaman.

"Da ubanka yana raye, ba ka tsaya mini a ƙofa da takarda."

"Allah ya jiƙansa. Da yana raye, shi zai fara ɗaukar miki akwati. Goggo, zaure za a tayar mana. Ko so kike a ce ke kika hana gidan ubanki tashi?"

Nan ya same ta. Ta jingine tsintsiyar.

"Wata biyu?"

"Wallahi wata biyu."

"Bar rantsuwar. Bakinka ya saba da ita."

Aka kwashe kayanta zuwa mangaza, can ƙuryar gida kusa da turken awaki. Bulon siminti ne da rufin tol, wato kwano, inda Mutari ke ajiye gawayi da tsohon babur. Taga babu, sai rami ɗaya a sama wanda kyanwa ma sai ta yi dabara. Sakina matar Mutari ta share, ta yayyafa ruwa, ta ce, "Kin ga, Goggo, har ya yi kyau." Lokacin sanyi ne. Hajara ta ƙara bargo.

Magina suka zo. Da suka kai ga yaɓe sai gardama ta kaure tsakaninsu kan kwana nawa ƙasa ke kwana kafin ta nuna. Injiniyar, wata yarinya mai suna Lubna, ta zo har ƙofar mangaza ta durƙusa da littafinta.

"Iya, ke kika san ƙasar nan. Koya mana."

Hajara ta koya musu. Ta nuna musu yadda ake gane ƙasa ta nuna da wari, da yadda ake lailaya ta a tafin hannu. Lubna ta rubuta komai. Ta ce za a buga a littafi da Faransanci, har da sunanta.

Aikin ɗakinta kwana tara ya ci. Farar ƙasa suka shafa, suka ja wayar lantarki, suka kafa allo a gefen ƙofa mai rubutun da ba ta iya karantawa. Sauran watannin duk a zaure da sashen Mutari suka ƙare. Zaure ya tashi da zankwayensa. Sashen Mutari ya sami sabuwar azara. Masu wucewa suna tsayawa su ce ma sha Allahu.

Ranar da magina suka kwashe kayansu, Hajara ta ɗaure tabarmarta ta nufi ɗakinta. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa, sabo fil, mai ruwan zinariya.

"Ya ce daɓe bai bushe ba," in ji Sakina.

"Wane daɓen? Wanda aka yi tun ba a haifi mijinki ba?"

Sakina ta yi dariya, ta wuce madafa.

Da mako ya zagayo, sai aka ce ana jiran manyan furoje su zo su duba aiki. Suka zo, suka duba, suka tafi. Sai aka ce ana jiran bikin buɗewa, kada wani abu ya taɓa farar ƙasar kafin ranar. Yaushe ne bikin? Sai magajin gari ya dawo daga Yamai. Ya dawo. Sai Nasarun sun sa rana.

Bazara ba ta jira kowa ba. Ta shigo Damagaram yadda ta saba, ba sallama. Tun hantsi tol yake fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar mai taunar aya. Kafin azahar ruwan tulu ya zama na wanka. Man shafawar Hajara ya narke ya malale cikin akwati. Bulon siminti ya sha rana yini guda, ya riƙe, ya yi ta amayar da ita har gari ya waye. Hajara ta koma jiƙa zane tana ɗorawa a ka. Da rana ta ja tabarma zuwa gindin ɗakinta, ta jingina bayanta da bangon da ta yaɓe da hannunta. Ko daga waje yana da sanyi. Inuwa ta matsa, ta matsa da ita. In inuwa ta ƙare, ta koma cikin tanda.

Ƙafafunta suka kumbura. Ciwon kai ya kama ta a ƙeya ya ƙi saki. Sakina ta kai ta likita, wato asibiti. Lokotoro, babban mai duba marasa lafiya, ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya ɓata fuska, ya ce jininta ya hau sosai. Ya ce ta rage gishiri, kuma lalle ta zauna wuri mai sanyi. Da suka dawo Mutari ya tambaya me aka ce.

"An ce ta rage gishiri," in ji Sakina.

Aka rage gishiri. Gaskiya ba a yi ha'inci a nan ba, har miya daban ake yi mata. Mutari kuma ya sayo fanka. In akwai wuta, ta yi ta juya zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan. In babu, ta tsaya tana kallon Hajara. Duk wanda ya yi sahu da Mutari a masallaci makon nan ya ji labarin fankar da ya saya wa goggonsa.

Wata safiya ta yafa mayafi ta lallaba gidan mai unguwa Suma'ila, wanda shi ne shugaban kwamitin furoje. Ya sa aka ba ta tabarma, ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Gaskiya gare ki, Goggo Hajara. Ko a gaban alƙali gaskiya gare ki. Amma dubi nan." Ya buɗe hannuwa. "Gida arba'in ke jiran zagaye na biyu. Mutanen nan ba su son rigima. Da sun ji ƙishin-ƙishin rikicin gado, sai su naɗe tabarmarsu su koma unguwar Zango. Gidanku shi ne fuskar unguwa. Fuska kuma ba a tsaga ta ranar biki. Ki ƙara haƙuri. Mahaƙurci..."

"Na san sauran," ta ce. "Mawadaci. Wadata nake ciki, har zufa take yi mini."

Ta tare Lubna a zaure ranar da ta zo auna wani abu. Yarinyar ta razana da gaske. Ta buɗe jakarta ta ciro takarda ta nuna mata da yatsa.

"Iya, ga shi nan. Sharaɗi na huɗu. Ba a fitar da kowa daga muhallinsa saboda aikinmu. Mu a rahotonmu kina cikin ɗakinki."

"To ki ara mini rahoton in kwana ciki."

Lubna ta sunkuyar da kai. Ta ce za ta yi wa mai gida magana. Ta ce su ba su shiga sha'anin iyali, ƙa'ida ce, don girmama al'ada. Ta yi masa maganar. Ya ce bayan biki. Ta rubuta: bayan biki.

Da yamma Ladi ta shigo. Maƙwabciyar Hajara ce, tare suka yi 'yanmatanci. Katangar gidanta ta faɗi damina biyu da suka wuce, zana ce ke tsare mata mutunci. Ta kawo kunun tsamiya, ta zauna a ƙofar mangaza, don ciki ba ya zaunuwa.

"An ce kin je wajen mai unguwa."

"Na je."

"Hajara, sunana na bakwai a zagaye na biyu." Ta juya kofin a hannunta. "Ban ce kada ki nemi haƙƙinki ba. Na dai ce sunana na bakwai."

Aka sa ranar biki. Tun jajibiri gida ya rikice. Aka kafa rumfa a ƙofar zaure, aka jera kujerun roba. Da safe Mutari da kansa ya buɗe kwaɗon. Aka mayar da gadonta, aka jera tasoshinta a bango yadda suke da. Sakina ta ba ta aron atamfa, ta ɗaura mata kallabi, ta ɗiga mata turare.

"Goggo, zauna nan tsakiyar gado. Ki riƙe carbi. Yawwa."

Sanyin ɗakin ya sauko mata a kafaɗa kamar hannun uwa. Ta ɗaga kai ta dubi azara ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan.

Kwana uku tana shirya abin da za ta faɗa. Ba dogo ba ne. Za ta ce: wata biyar ke nan rabona da ɗakin nan, ku zo in nuna muku inda nake kwana. Ta maimaita shi har ya zauna a bakinta kamar Fatiha.

Daga waje tana jin jawabai. Magajin gari ya yi magana a kan gadon kakanni. Mai unguwa ya yi magana a kan haɗin kai. Mutari ma an ba shi lasifika, ya ce shi tun yana yaro goggonsa ta koya masa darajar ginin ƙasa. Aka tafa.

Sannan suka shigo, biyar-biyar, don ɗakin ba ya ɗaukar fiye da haka. Wata Banasariya mai furfura ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta durƙusa gaban gado, ta kama hannun Hajara da hannu biyu. Ta yi magana. Lubna ta fassara ba tare da ta ɗago ido ba.

"Tana tambaya, Iya, yaya kike jin ɗakinki yanzu da aka gyara?"

Hajara ta buɗe baki. Mutari yana bakin ƙofa cikin sabuwar shadda, goshinsa na ubansa ne sak. Bayansa mai unguwa. Can baya, a tsakar gida, Ladi ta ɗaga dunduniya tana leƙe, hannayenta a haɗe bisa ƙirji. Mutari ɗan wanta ne, jininta. A ce ita, da furfurarta, ta tuɓe shi a gaban magajin gari da baƙin da suka tsallako teku? Gobe a ce 'yar gidan ce ta tona asirin gidan, ta kuma ja wa gida arba'in?

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ɗaki akwai sanyi."

Ba ta yi ƙarya ba. Banasariyar ta dafa ƙirji. Aka ɗauki hoto.

A ranta ta ce, shi ke nan. Wanda ka rufa wa asiri a bainar jama'a, ko ba ya tsoron Allah zai ji kunyar idonka. Haka ta san mutane. Da hayaniya ta koma wajen cin abinci, ta miƙe bisa gadonta. Barci ya ɗauke ta irin wanda ta manta akwai shi.

Ƙarar kwaɗo ce ta tashe ta. Mutari yana kaɗa shi a yatsa. La'asar ta yi.

"Goggo, tashi ki yi salla. Sakina ta kai miki buta can."

"Can ina?"

"Goggo, kada mu koma baya. Yarjejeniya ta ce shekara biyar ɗakin nan yana buɗe ga masu ziyara. Ɗalibai, baƙi, manya. Dole kullum a same shi tsaf. Ke kuma ga turaren wuta, ga kaskon garwashi, ga goro. Cikin wata ɗaya farar ƙasar nan ta koma baƙa."

"Hayaƙin nan da kake raina, shi ke hana gara cin azara."

"Sun fesa magani."

"An ce mini takardar ta hana a fitar da mutum."

"Wa ya fitar da ke? Ba a gidan kike ba?" Ya sassauta murya. "Kuma ke da bakinki kika ce alhamdu lillahi. Gaban magajin gari. Yanzu in kika ce wani abu daban, cewa za a yi tsufa ne."

Ta daɗe tana dubansa. Shi yana duban kwaɗo. Ta sauko da ƙafafunta masu kumburi ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Sakina ta karɓi atamfarta a ƙofar mangaza, ta ce za ta wanke.

Tasoshin ba a dawo mata da su ba. An ce sun fi kyau a can.

Bayan mako biyu aka shigo da sabuwar katifa da gidan sauro. Akwai baƙin da ke son su kwana ɗaya a ɗakin ƙasa na asali, su ji yadda mutanen da suke rayuwa. Na farko wani ɗalibi ne mai jan gemu. Da safe ya fito yana miƙa, ya ce da Mutari tun da ya zo Afirka bai yi barci irin na jiya ba. Ya ga tsohuwa zaune kusa da awaki da jiƙaƙƙen zane a ka, ya gaishe ta da Hausarsa ta littafi. Ta amsa. Mutari kuma an sa shi cikin kwamiti. An ce gidansa abin koyi ne.

Yanzu ko jingina da bangon an hana ta. Mai yana fita daga kallabinta yana ɓata yaɓe.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗu a gabas ya ƙi zubowa. Iska ta tsaya cik. Tsakanin azahar da la'asar Sakina ta kai kunu, ta tarar da ita kwance a ƙasa tsakanin akwati da buhun gawayi, baki ya karkace. Kwana uku a likita. Aka dawo da ita a bayan mota, ɓarin hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi. Idanu kawai suka rage nata, da kunnuwa.

Labari ya kai dangi. Na garin Droum suka ce suna tafe dubiya, na garin Gouna ma haka. Mutari ya tsaya a tsakar gida, ya dubi mangaza, ya dubi turken awaki, ya dubi hanyar da baƙi za su bi. Ba wanda ya roƙe shi. Da kansa ya ciro makulli.

Aka kwantar da ita bisa sabuwar katifa, ƙarƙashin gidan sauro. Dangi suka cika ɗaki suna sannu, suna Allah ya sa kaffara ne. Wani tsoho daga Droum ya dubi farin bango, ya dubi tasoshi a jere, ya dubi ƙwan lantarki, ya kama hannun Mutari ya riƙe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. A zamanin nan wa ke riƙe goggonsa haka? Dubi ɗakin da ka gyara mata."

"Wajibi ne, Baba," in ji Mutari. Har idonsa ya kawo ruwa.

Ladi ta zo, ta zauna a gefen ƙafafunta tana matsa su. Ta sunkuya ta raɗa mata cewa an fara sauke ƙasa a ƙofar gidanta. Sai ta fashe da kuka, aka fitar da ita, aka ce ƙawance ne na tun ƙuruciya.

Hajara tana kallon sama. A jikin azara ta uku daga ƙofa, wani siririn layin jar ƙasa ya fara hawa. Gara ce. Tsinke ɗaya ya isa a kankare ta yau, a turara ɗakin kwana bakwai. Ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama ta nuna. Wata daga Gouna ta kama hannun ta mayar cikin zane, ta ce, "Sannu, Goggo, kwanta abinki. Kin ji daɗi, kina ɗakinki."

Gida ya tashi. Zaure ya yi zanko, unguwa ta yi fuska, rahoto ya tafi ƙasar Nasara da hoton tsohuwa mai carbi a shafin farko. Ba wanda ya yi sata. Ba wanda ya daki kowa. Kowa da takardarsa, kowa da uzurinsa, kuma kowane uzuri in ka ɗaga shi a rana sai ka ga kamar gaskiya.

Da rana ta yi sanyi masu dubiya suka fara neman takalmansu. Wayar Mutari ta yi ƙara, ya amsa a bakin ƙofa. Hajara tana jin muryar Lubna siririya daga ciki: akwai baƙi shida ranar Alhamis, biyu za su kwana. Ya ce to. Ya ce ba matsala. Ya kashe.

Sakina ta zo ta tsaya kusa da shi da tsintsiya a hannu. Ta leƙa gadon, ta rage murya, amma ba yadda kunnen mai ɗakin ba zai ji ba.

"To in sun gama watsewa, a nan za ta kwana, ko mu maida ta?"